Tsohuwar tarakta da asubar sanyi: hita, Thermostart ko feshin eta?

Sabon Hannu: Assalamu alaikum manya. Tambayata kan tsofaffin taraktoci masu shan gas ce, irin su Massey Ferguson 35 da 135 da Fordson Major. Me ya sa injin da ke tashi bugu ɗaya da rana yake ƙin tashi da asuba idan sanyi ya sauka? Sitata na juyawa, farin hayaƙi na fita ta salansa, amma shiru. Wasu sun ce a fesa eta, wato ruwan gwangwani mai saurin kamawa da wuta, ta hanyar iska, wasu sun ce eta kashe inji take yi, wasu kuma sun ce a ɗaura hita. Wanne ne daidai?

Baba Makanike: Wa alaikumus salam, ɗana. Farin hayaƙin nan da ka ambata shi ne rabin amsarka. Idan babu hayaƙi sam, mai ne bai iso ba, sai a koma kan filta da famfo da iskar da ta shiga layi. Idan kuwa fari ne mai warin ɗanyen gas, mai ya iso, zafin da zai kunna shi ne babu.

Injin gas ba shi da fulogin tartsatsi. Fistin ne ke matse iska har ta koma kashi ɗaya cikin 16 zuwa 22 na girmanta, matsin ya sa ta yi zafi, sai nozul ya fesa mai a ciki ya kama da kansa. Gas na buƙatar zafin da ya wuce digiri 200 sosai kafin ya kama, kuma sai an ninka hakan kafin ya kama cikin ƙiftawar idon da fistin ke sama. Da asuba ƙarfe ya yi sanyi, yana shanye zafin tun kafin fistin ya kai ƙarshe. Baƙin mai ya yi kauri, batir ya yi rauni, inji na juyawa a hankali, iska na samun lokacin sulalewa ta gefen ringi. Duk wata dabara da aka taɓa ƙirƙira, ɗaya take yi cikin uku: ta ƙara zafi, ta ƙara saurin juyi, ko ta kawo abin da ya fi gas saurin kamawa. Kafin ka zaɓa sai ka san wanne injinka ya rasa.

Mai Rewaya: Baba ya faɗi gaskiya, amma ni zan ce a fara da saurin juyi, don nan ne aka fi yin asarar kuɗi a banza. A sayi hita sabo, a ɗaura, inji ya ƙi, ashe wayar batir ce ta ci tsatsa.

Gwajin ba shi da wuya in akwai mita. Batir mai bolt 12 da ya cika, bayan ya kwana ba a taɓa shi ba, ya nuna 12.6 ko kusa. In ya nuna 12.2, rabi ne. Sai a ja maɓallin kashe inji don kada ya tashi, a buga sitata ana kallon mita a kan kawunan batir. Kada ya faɗi ƙasa da 9.6. In ya faɗi, ko batir ya gaji ko sitata na jan wuta fiye da ƙima.

In batir ya tsaya daram amma juyi na ja da baya, a auna asarar waya. Ƙafar mita ɗaya a kan batir, ɗaya a kan notin sitata, a buga. Abin da ya ɓace a hanya kada ya wuce rabin bolt. A yi haka a ɓangaren at ma, wato wayar batir da ke zuwa jikin ƙarfe, daga batir zuwa jikin sitata, nan kuma 0.2 zuwa 0.3 ne iyaka. Wayar at da aka ɗaure a kan fenti ko a jikin kwano mai tsatsa ita ce babbar ɓarauniya. A mayar da ita kan notin da ke riƙe sitata, a kankare wurin har ya yi ƙyalli.

Kuma a sani, lambar CCA da ke jikin batir, wato ƙarfinsa na buga inji a sanyi, a digiri 18 ƙasa da sifili ake auna ta, na daƙiƙa 30. Batir da kansa yana rasa kusan sulusin ƙarfinsa a digiri 0, a daidai lokacin da inji ya fi buƙatarsa.

Sabon Hannu: Na gode Oga. To a ce batir da waya lafiya lau. Wannan abu mai kama da fulogi da ke kan manifol (bututun da ke kai iska cikin silinda) na 135, mai waya ɗaya da siririn bututun mai, shi ne hita?

Baba Makanike: Shi ne Thermostart, na kamfanin CAV. Ba hita ba ne irin na cikin silinda, ɗan murhu ne. A cikinsa akwai waya mai naɗi da ɗan bawul mai ƙwallo. Idan aka ba shi wuta, wayar ta yi zafi, jikinsa ya ɗan miƙe, ƙwallon ya saki, gas ya fara ɗiga, ya zama tururi, ƙarshen wayar da ya yi ja ya kunna shi. Da ka buga sitata, inji ya zuƙi harshen wutar da iska mai ɗumi.

Yadda ake yi: giya a furi, ƙaramin liba na sauri da jinkiri a kan S, don in ba a can yake ba sitata ba za ta amsa ba. Maɓallin kashewa a tura ciki. Totur a buɗe sosai. A murɗa makulli zuwa H a riƙe daƙiƙa 15 zuwa 20. Wani lokaci za ka ji ɗan "fuf" a manifol, wutar ce ta kama. Sai ka wuce zuwa HS, inda hita da sitata ke aiki tare. In bai tashi cikin daƙiƙa 15 ba, ka koma H na daƙiƙa 10, ka sake. Kada a wuce haka ana riƙe da shi ba tare da juya inji ba. Wutar na cinye iskar da ke cikin manifol, sai inji ya zuƙi hayaƙi maimakon iska, ka ga ka yi aikin baban giwa.

Mai Famfo: In ƙara kan na Baba, tunda ɓangaren mai ne. Yawancin Thermostart da ake cewa ya mutu, ƙishirwa ce ta kashe shi. A kan injinan Perkins da yawa akwai ɗan ƙaramin tanki sama da manifol, wanda ragowar man da ke dawowa daga nozul ke cika shi. Daga nan mai ke gangarowa da nauyinsa kawai, babu famfo. Bututun siriri ne, datti kaɗan ya toshe shi. In babu mai, wayar za ta yi ja a bushe har ta ƙone.

Gwaji: a cire tiyon da ya taso daga tukunyar tace iska zuwa manifol, a leƙa daga nesa, wani ya riƙe makulli a H. Cikin daƙiƙa 10 zuwa 15 ya kamata a ga ja, sannan hayaƙi, sannan harshen wuta. Ja babu wuta, mai ne bai zo ba. A kwance notin bututun a bakin Thermostart a ga ko zai ɗiga. Babu ja sam, a duba ko bolt 12 na isowa kan wayar, in yana isowa to naɗin ya yanke, sai sabo.

Matsala ta biyu ta fi ɓoyuwa: bawul ɗin ya ƙi rufewa. Sai gas ya riƙa tsiyaya cikin manifol dare da rana. Alamarsa baƙin hayaƙi ba dalili, cikin manifol a jiƙe, inji na ƙwanƙwasa da zarar ya tashi. Abin da ke jawo wannan sau da yawa ɗauri ne. Jikinsa ba shi da kauri, in aka saka dogon sifana aka danne, mazaunin ƙwallon ya karkace. A ɗaure shi daidai ya zauna kawai. Kuma kafin a sayo sabo a gwada zaren da na tsohon, don ba duka ne iri ɗaya ba, akwai kuma na bolt 24 da ya yi kama da na 12 sak.

Hajiya Mai Gona: Sannunku da ƙoƙari. Ni Fordson Major nake son a yi bayani, don ba shi da wannan abin a manifol. Akwai dai wani maɓalli a jikin famfon injekta. Mene ne aikinsa?

Mai Famfo: Hajiya, maɓallin ƙarin mai ne, a kan famfon Simms. A cikin famfon akwai sandar da ke ƙayyade yawan man da kowane silinda zai samu, kuma akwai abin da ke tare ta kada ta wuce iyaka. Maɓallin yana kawar da abin tarewar na ɗan lokaci, sandar ta zarce, nozul ya fesa mai fiye da na cikakken aiki. Amfaninsa biyu: ƙarin feshi na nufin ƙarin ƙananan ɗigo da za su iya kamawa, kuma man da ya jiƙa ringi yana ɗan toshe hanyar da iska ke gudu.

Kuskuren da ake yi shi ne danna shi totur na rufe. A fara buɗe totur, sannan a danna, za a ji ya shige ya tsaya. Da inji ya tashi, gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun inji, zai ja sandar baya, maɓallin ya fito da kansa. In bai fito ba, a kashe inji nan take a duba, don sandar ta maƙale ke nan, kuma inji na iya guduwa ya wuce iyakarsa. Masu ɗaure shi da waya don tarakta ta ƙara ƙarfi kuwa, baƙin hayaƙi kawai suke saya da wanke man jikin silinda.

Major na 1952 zuwa sama feshinsa kai tsaye ne a kan fistin, shi ya sa wannan maɓalli kaɗai kan ishe shi. Famfon CAV mai juyawa, wato DPA da ke kan 135, ba shi da irin maɓallin, kada a wahala nema.

Injiniya: Wannan batu na feshi kai tsaye ya kamata a tsaya a kansa, don shi ne ke raba taraktar da ke buƙatar hita da wadda ba ta buƙata. Injinan zamanin iri biyu ne. Na farko, nozul na fesawa cikin ramin da ke kan fistin. Na biyu, akwai ɗan ɗaki a cikin tof silinda, wato murfin saman inji, iska na shiga ta ƙaramin maƙogwaro tana juyawa, a nan ake fesa mai. Na biyun ya fi laushin ƙara, amma iskar na zubar da zafi mai yawa a bangon maƙogwaron da ɗakin. Da zafi ba komai, da sanyi kuwa bala'i ne.

Misalin da kowa ya sani shi ne Ferguson FE-35 mai silinda huɗu, mai injin Standard 23C, wanda aka yi daga 1956 zuwa 1959. Sunansa ya ɓaci a kan ƙin tashi, har a 1959 aka koma injin Perkins mai silinda uku. Don haka Sabon Hannu, da ka ce 35, sai ka ƙirga nozul. Uku ne ko huɗu? Maganarsu ba ɗaya ba ce.

Sabon Hannu: Huɗu nake nufi, Injiniya.

Baba Makanike: To ka ɗauko mai wuyar. A kan 23C, kafin a zargi hita a auna kwamfureshan. Bawul ɗinsa kan nutse cikin mazauninsu saboda yawan goga da aka yi musu shekara da shekaru, kowane ɗan nutsewa kuma ƙarin fili ne a saman fistin, matsi ya ragu. Gaskit mai kauri fiye da na asali ma haka yake yi. Injin da ke kan gaɓa tun daga masana'anta ba shi da rarar da zai bayar.

A ƙa'idar aiki, tsohon injin gas mai lafiya kan ba da bar 24 zuwa 30 a kan geji. In ya sauka wajen 20, da sanyi sai an yi da gaske. Bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce kashi 10 cikin 100. In ya yi ƙasa, a zuba ɗan baƙin mai kaɗan, kamar cokalin shayi, ta ramin nozul a sake aunawa. Ya tashi, ringi ne. Bai motsa ba, bawul ne ko gaskit. Na ce kaɗan, don filin da ke saman fistin ɗin gas ƙanƙane ne, in mai ya yi yawa kwanrod, wato sandar da ke riƙe fistin, zai lanƙwashe.

A duba tazarar bawul ma. In ta matse, bawul ba ya zama sosai. Na Perkins mai silinda uku milimita 0.30 ne a sanyi. Na 23C a bi littafinsa.

Mai Tsofaffin Ƙarafa: Kada a manta da Ki-Gass, don shi ne a kan Ferguson TEF-20 na 1951 da 23C na farko-farko, kuma Fordson Dexta na da mai kama da shi. Ɗan famfon hannu ne a gaban direba, da ƙaramin tankinsa, da hita a manifol. A kwance kan famfon, a danna maɓallin hita wajen rabin minti, a tura famfon da ƙarfi sau ɗaya ko biyu don ya fesa mai a kan wayar da ta yi ja, a buga sitata. Turawar da ƙarfi ce, in a hankali aka yi ɗiga zai yi, ba feshi ba, ya kashe jan wayar. Bayan an tashi a mayar da kan famfon a murɗe shi tam, in ba haka ba inji zai riƙa tsotsar mai ta nan.

TEF-20 na da liban sauke matsi ma. Yana ɗan buɗe bawul don sitata ta juya inji ba nauyi, fulawil ya ɗauki gudu, sannan a saki. Dabara ce mai kyau ga batir mai rauni.

Mai Rewaya: Tunda an zo kan hita na cikin silinda, a yi hattara da International B-250 da B-275 da B-414. Hitocinsu na asali a jere aka haɗa su, wuta na bi ta na farko ta shiga na biyu har na huɗu, kamar tsakiya a zare. Kowanne bai kai bolt ɗaya ba. A kan allon direba akwai wata waya mai naɗi a bayan murfi mai huji-huji, ita ke rage wutar, kuma janta ne ke gaya maka hitoci sun yi zafi.

Abin da wannan ke nufi: ɗaya ya yanke, duka sun mutu, wayar allo ba za ta yi ja ba. In kuma ta yi ja da sauri fiye da yadda ta saba, har tana neman yin fari, to wani hita ya taɓa jikin inji, wuta na yanke hanya, na bayansa ba sa samun komai. Kuma kada a kuskura a gwada irin wannan hita da batir kai tsaye. Bolt 12 a kan abin da aka yi wa ƙasa da ɗaya, kafin ka ɗauke hannu ya narke. Da mita ake gwada shi.

Masu mayar da su na zamani, sirara masu kama da fensir, su tuna cewa haɗin ya canja. Waɗannan kowanne na karɓar wutarsa ne daga waya ɗaya, jikinsa ne at. Kowanne na jan amfiya 10 ko fiye, huɗu sun haura 40, tsohon makulli ba zai ɗauka ba. Sai an saka rile da fis da waya mai kauri, kuma a bi takardar da ta zo da su kan ko za a bar wayar allo ko a tsallake ta. Lokacin riƙewa ma ya ragu. Wanda ya saba ƙirga 40 ya ci gaba da haka, zai ƙone su cikin 'yan kwanaki. Kafin a saka, a share ramin da gawayi ya cushe, in ba haka ba bakin hitan zai kumbura a ciki, ranar cirewa sai an sauke tof.

Hajiya Mai Gona: Har yanzu ba ku taɓa maganar eta ba, ita ce kuma yaron ya fara tambaya.

Baba Makanike: Ina zuwa, Hajiya. Ni ra'ayina a ajiye gwangwanin nan nesa da tsohon inji. Eta na kamawa a wajen digiri 160, kuma ba ta jiran nozul. Gas sai lokacin da famfo ya ga dama yake shiga. Eta kuwa tare da iska take shigowa, ta fashe lokacin da ta so, fistin na kan hanyar hawa. Ƙarar da ake ji kamar ana dukan ƙarfe da guduma, ita ce. Ringi na sama ya karye, dandamalin da ke tsakanin ringi ya tsage, kwanrod ya lanƙwashe. Ga shi tana wanke man jikin silinda.

Ana cewa inji kan kamu da jarabar eta, in ya saba ba ya tashi sai da ita. Ba jaraba ba ce. Ringin ne ta karya, matsi ya ƙara faɗuwa, sai ya zama dole.

Mai Famfo: Baba, a nan zan ɗan saɓa maka, da girmamawa. Ba eta ce matsala ba, hannun mai fesawa ne. John Deere da International sun fitar da taraktoci da wurin saka gwangwanin eta tun daga masana'anta, mai auna abin da zai shiga. A kan inji mai feshi kai tsaye, wanda ba shi da hita kowane iri, ɗan feshi na daƙiƙa ɗaya a bakin tukunyar iska, inji na cikin juyawa, ya fi a yi ta niƙa sitata minti biyar ana tara ɗanyen gas a silinda. Abin da ke kashe inji shi ne a cika manifol da ita inji na tsaye, sannan a zagaya a hau a buga.

Baba Makanike: Na yarda da rabi. Amma wa ke tsayawa a daƙiƙa ɗaya idan inji ya ƙi?

Injiniya: Ku biyun kun haɗu a wuri ɗaya ko ba ku faɗa ba, kuma shi ne wanda ya shafi rai: eta da hita ba sa haɗuwa. Thermostart harshen wuta ne a cikin manifol. A fesa eta a kansa, manifol ko tukunyar iska ta tarwatse a fuskar mai fesawa. A kan makullin da HS ke ba hita wuta tare da sitata, ko ba ka tsaya a H ba hitan na samun wuta. Wanda ya ga lallai sai ya fesa, ya zare wayar Thermostart tukuna, ya jira ya huce. A kan inji mai ɗan ɗaki irin 23C da B-275 kuwa, ni ban ga dalilin da zai sa a kusance shi da ita ba. Matsinsu ya fi yawa, ga hita a jikinsu.

In akwai lantarki kusa da inda tarakta ke kwana, abin da ya fi duk waɗannan shi ne hitan ruwan inji. Akwai mai shiga gurbin ɗaya daga cikin marufan da ke jikin bulok, akwai wanda ake yanka tiyon lagireto na ƙasa a saka. Wat 400 zuwa 1000, awa biyu zuwa uku kafin a tashi ya isa, barinsa kwana ɓarnar wuta ce. Yana ɗumama bulok da tof gaba ɗaya, wato ya cire tushen matsalar. Sharaɗinsa ya kasance cikin ruwa tsundum. In aka kunna shi akwai iska a wurin, cikin mintuna zai ƙone. Inda ruwa ke daskarewa kuma a haɗa ruwan da maganin daskarewa rabi da rabi, yana karewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifili.

Mai Rewaya: Na'urar busa iska mai zafi ma tana aiki. A cire tiyon manifol, a busa ciki minti biyu zuwa uku, a ci gaba da busawa ana buga sitata. Tsumma mai wuta a bakin manifol da wasu ke yi, toka da zare inji ke haɗiya, ga tukunyar iska cike da mai a gefe. Garwashi a ƙarƙashin inji kuwa, tsohuwar taraktar da ba ta ɗigar mai sai an tona.

Mai Famfo: Mai da kansa ma a duba shi. Gas na da kakin da ke fara fitowa idan sanyi ya kusa digiri 0, musamman wanda aka tace don lokacin zafi. Ya yi gajimare, ya toshe filta. Alamarsa daban ce: inji ya tashi, ya yi minti ɗaya ko biyu, ya mutu. Ruwan da ya kwanta a gindin filta ko a kofin gilashi shi ma ƙanƙara yake zama. A tsiyaye shi tun kafin sanyi, a sa sabon filta. Masu sirka gas da kananzir don ya tsinke su sani kananzir ba shi da santsi, famfon DPA kuma man da ke bi ta cikinsa ne kaɗai ke shafa shi. Fetur kam kada a fara.

Nozul da ke ɗiga maimakon feshi shi ma farin hayaƙi yake bayarwa. A kai a gwada a kan famfon gwaji, a ga matsin buɗewa da kyawun feshi. Haka lokacin feshi, in ya yi latti.

Baba Makanike: Da baƙin mai. SAE 30 ko 40 da asubar sanyi kamar zuma yake. 15W-40 ya fi, inda sanyi ya tsananta 10W-30. Man tukunyar iska ma in ya yi kauri yana shaƙe inji. Kuma a taka kuloci lokacin bugawa, don sitata ta huta da juya giyoyi cikin mai mai kauri.

Mai Tsofaffin Ƙarafa: Duk wanda ke ganin riƙe makulli daƙiƙa 20 wahala ce, ya dubi na da. Lanz Bulldog na Jamus, tun daga 1921, sai an kunna fitilar hura wuta an gasa ƙoƙon da ke gaban silinda minti goma ko fiye har ya yi ja. Sannan a cire sitiyari, a soka shi a gefen fulawil, a riƙa kaɗawa gaba da baya har ya kama. Yakan tashi a juye ma, sai ka sa giyar gaba ka ga kana baya.

Field Marshall na Ingila, daga 1945, silinda ɗaya ne. Ana naɗe 'yar takarda da aka jiƙa da sinadarin kanwar bindiga, a kunna bakinta tana ci a hankali, a ɗaura ta cikin tof. Ita ce hitansa. Sai a juya da hannu, ko a saka harsashi marar dalma a ɗakinsa a buga da guduma. Harsashin na tara gawayi, shi ya sa masu kula suka fi son hannu.

Amurkawa kuma wata hanya suka bi. John Deere R na 1949 da Caterpillar D2 da D4 suna da ƙaramin injin fetur a jikinsu wanda aikinsa kawai juya babban. Yana juya shi ba matsi har geji ya nuna man inji ya hau, zafinsa na ɗumama babban, sannan a ba da matsi, a buɗe gas. Farmall MD kuwa inji ɗaya ne mai fuska biyu: liba na buɗe ƙarin bawul a kowane silinda, matsi ya sauka, ya tashi da fetur da fulogi, in ya ɗumama a mayar da liba ya koma gas.

Sabon Hannu: Ikon Allah. To masu fetur da kananzir fa, irin Ferguson TED-20?

Mai Tsofaffin Ƙarafa: Nasu mai sauƙi ne, ƙanena. Kananzir ba ya zama tururi a manifol mai sanyi, don haka da fetur ake tashi, sai inji ya yi zafi a juya makunnin mai zuwa kananzir. Kafin a kashe a mayar da shi fetur na 'yan mintuna. In an manta, a rufe kananzir, a kwance magudanar da ke gindin kafireto a zubar, a buɗe fetur. Cok a ja shi lokacin bugawa, a mayar da zarar ya kama, in ya daɗe fulogi za su jiƙe. Masu magineto a saurari "ƙas" ɗin da yake yi idan ana juyawa a hankali. In babu, sifirin ɗin da ke fizgar shi ya maƙale da tsohon mai, tartsatsi zai yi rauni, kuma hannun juyawa na iya dawowa ya doki mutum. Babban yatsa ya kasance gefe ɗaya da sauran, a ja sama, kada a danna ƙasa.

Hajiya Mai Gona: In duk an yi ya ƙi, a ja ta da wata taraktar?

Baba Makanike: Ana yi, Hajiya, amma a fara juya injin ko da hannu ne a tabbatar yana zagayawa. In Thermostart ya kwana yana tsiyaya, ko ruwa ya shiga ta salansa, silinda na iya cika. Sitata za ta tsaya cak ta ba ka labari, ja kuwa kwanrod zai lanƙwasa. A sa babbar giya, a ja a hankali, sarƙa a ɗaure ta a sandar ja ta ƙasa a jikin mai jan, ba sama da gatarin baya ba, don kada gabanta ya ɗaga ta kife.

Wanda na fi tsoro shi ne haɗa notocin sitata da sukudireba mutum na tsaye a ƙasa gaban tayar baya. Hakan na tsallake makullin tsaron giya. In tana cikin giya, injin da ya ƙi tashi tun asuba a lokacin zai tashi.

Mai Rewaya: Sitata ma a ba ta hutu. Daƙiƙa 15 zuwa 20 a bugu ɗaya, a jira minti ɗaya ko biyu. Dalmar da ke cikinta narkewa take yi.

Sabon Hannu: Na fahimta. Tambaya ta ƙarshe: a kan 23C da ke da Ki-Gass, a bar shi ko a mayar da shi Thermostart?

Injiniya: In famfon na fesawa da kyau kuma hitan na yin ja, a bar shi, zafin da suke bayarwa kusan ɗaya ne. Fatun cikin famfon ne ke bushewa, ana samun sababbi. Thermostart sauƙin hannu kawai ya fi shi. Abin da ke kawo canji na gaske a wannan injin shi ne hita a cikin kowane ɗan ɗaki. A duba gefen tof ɗin: wasu suna da gurabun a toshe da noti, sai a kwance a saka. Waɗanda ba su da su sai an sauke tof an kai wa mai injin huda ƙarfe, don kusurwar ramin in ta kauce kaɗan cikin hanyar ruwa za ta faɗa. Tunda tof zai sauka, a auna nutsewar bawul a lokacin, a sa sababbin mazaunai in sun wuce abin da littafi ya ce.